Bahagon Ɗauri a Kan Dutsen Phuket

Yayata ce ta fara kawo ni Guangzhou, a ƙasar China. Ita ta koya min kutsawa cikin kasuwar Shahe da sassafe, jaka a ƙirji, ido a ƙasa saboda masu tura kaya da ba su san gafara ba. Ita ta nuna min benayen takalma na Zhanxi Lu, ta kuma hana ni taɓa rigunan kasuwar Shisanhang sai da na iya gane yadin da zai zuba tun wankin farko. Mace ce mai baki. Ni ce auta a gidanmu, ni ake yi wa kirari da surutu, amma in Yaya ta buɗe baki sai in koma 'yar kallo. Da maigidanta suke zuwa, shi mutum ne mai sanyi, yana biye da ita yana murmushi, ita kuwa tana gaba tana gwabza ciniki har mai kanti ya ɗaga hannu ya ce ta ɗauka.

Sai Allah ya yi wa Alhaji, maigidan nata, rasuwa. Ta yi takaba ta fita, amma wallahi kamar ba ta fita ba. Ta daina faɗa, ta daina tsokana, in ka gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Rannan ta kira ni ta ce ta bar zuwa China. Na yi lallashi, na yi fushi, na kai ƙara wurin Hajiyarmu, da ƙyar ta yarda ta biyo ni, shi ma da sharaɗi: za ta zo ne ta damƙa min mutanenta, ta yi musu sallama, daga nan ba ita ba jirgi. Ni kuwa me zan yi da mutanenta? Ina da nawa. Yayata nake so. Na san in ta koma Kano ta ja ƙofar ɗakin nan ta zauna a kan darduma, to mun rasa ta ke nan tana raye.

Muka sauka Guangzhou, sai ga shi ni ce a gaba, ita a baya. Mu shiga kanti ta nuna ni ta ce, "Ƙanwata ce, ita za ku riƙa gani," ta juya. Ko kaya ba ta kallo. Akwai ranar da da gangan na ɗauko wata riga mai mugun ɗinki na ce, "Yaya, wannan fa ta yi kyau, in ɗiba?" Ta ce, "Yadda kika gani." Yadda na gani! Na ajiye rigar raina a ɓace, har mai kantin ta zaci farashinta ne ya ba ni haushi.

Ana cikin haka masu yi min takalma suka ce sai na jira, kayan ba su fito daga kamfani ba. Duk wanda ya san garin nan ya san zaman jiran kaya. Ka tashi ka dafa shinkafa a tukunyar lantarki, ka ci, ka kalli silin, ka kira gida a ce maka lafiya lau, ka sake kallon silin. Da, Yaya ce ke raya irin wannan zaman. Yanzu ta juya fuska ga bango da carbinta. Na je ofishin mai yi mana lodi, wani mutumin zangon Kumasi mai fara'a, na zauna ina ta zuba masa ƙorafi. Ya ce, "Hajia, ku fa mutanen Kano ba ku san hutu ba. Ku tafi ku sha iska mana." Ya ciro waya ya nuna min hotunan wani tsibiri a Thailand da ya kai iyalinsa, wai Phuket. Ruwa kore shar, duwatsu a tsaye a cikin teku, da wani masallaci a kan ruwa. Ya ce akwai Musulmi da yawa, abinci ba matsala, jirgi kuma daga nan kai tsaye ne. Bizarmu ta China mai shiga da fita ce, ta can kuma ya ce in bar masa, ya san hanya.

Na koma masauki ina rawar jiki. Yaya ta saurare ni har na gama, ta ce, "Yawon buɗe ido? Ni? Auta, kina da hankali kuwa?"

Ban ja da ita ba. Na shiga banɗaki na kira Hajiya a Kano na ce Yaya na so in tafi in bar ta ita kaɗai a garin da ba dangin iya ba na baba. Na fito na miƙa mata wayar. Daga inda nake tsaye ina jiyo muryar tsohuwa tana cewa, "Ki bi ƙanwarki, ba shawara nake ba ki ba." Yaya ta harare ni. Wallahi har daɗin hararar na ji, don rabon da ta harare ni an daɗe.

Jama'a, ku ji abin kunya. Duk zuwan da nake yi China, ban taɓa ganin komai ba sai kasuwa, sito, da filin jirgi. Dogon benen nan na Guangzhou mai canja launi da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa, ta tagar tasi kawai na san shi. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa kuwa shi ne na dam ɗin Tiga. To ku ƙiyasta yadda na zama da aka sauke mu a bakin tekun Phuket. Na tsaya na ce, "La'ilaha illallahu! Ina ƙarshensa?" Na cire takalma na danƙa wa Yaya, na tattare hijabi, na nufi ruwa da gudu kamar yarinya ta ga mai alawa. Na shiga har gwiwa ina ihu. Ban ankara ba wata igiyar ruwa ta zo ta kwashe min ƙafafu, sai ga ni zaune daɓas, ruwa ya shiga hanci ya shiga baki. Na taso ina tari ina cewa wa ya zuba wannan uban gishirin. Turawan da ke kwance suna shanya jikinsu suka ɗago suna kallon wata mata cikin hijabi har ƙasa tana dambe da teku. Ko a jikina. Na sake komawa.

Na waiwayo in ga ko Yaya na dariya. Tana zaune a ƙarƙashin lema, takalmana a cinyarta, idonta a kan yashi.

Direban da ya riƙa yawo da mu Musulmi ne, ɗan tsibirin, dattijo mai 'yar hula. Motarsa ja ce, ƙarama, kamar a-kori-kura da aka yi wa kwalliyar biki, da kujeru a baya suna kallon juna. Ba ya jin Hausa, Turancinsa kuma bai fi nawa ba, amma da sallama da Alhamdulillahi da nuni da hannu muka fahimci juna tsaf. Ya kai mu tsohon garin, inda gidaje ke jere, wannan ruwan hoda, wannan ruwan ƙwai, wancan shuɗi, kowanne da tagogin katako masu ado. Na yi hoto a ƙofar kusan kowane gida, har wata tsohuwa ta leƙo ta ga ko lafiya. Sai dai hali ba ya barin mutum. Muna shiga shagon tsaraba hannuna ya kai kan wata riga mai zanen giwaye, na juya cikinta na duba ɗinkin, na ce, "Yaya, wallahi wannan 'yar Shahe ce! Har layin da ake sayar da ita na sani." Na shiga yi wa yarinyar shagon bayanin inda kayanta suka fito, tana ta murmushi tana gyaɗa kai, ba ta san me nake faɗa ba. Yaya ta ce, "Ki ajiye musu kayansu mu tafi."

Washegari muka hau jirgin ruwa, dogo siriri mai inji a baya, ƙararsa sak injin markaɗe. Na ƙanƙame ƙarfen gefe ina salati, da na ga ba mu nutse ba sai na koma ihun murna. Duwatsu manya-manya suna tsaye a tsakiyar ruwa, bishiyoyi sun fito a kansu, ba wanda ya shuka, ba wanda ke ba su ruwa. Muka ratsa ta ƙarƙashin wani, duhu ya rufe mu, sanyi ya buso, muka ɓullo ta wancan gefen. Can sai ga garin da mutumin Kumasi ya nuna min, gari sukutum a kan turakun da aka kafa cikin teku, da makaranta, da kasuwa, da masallaci mai ƙubba ruwan zinariya. Har filin ƙwallo gare su yana lilo a kan ruwa, in ƙwallo ta faɗa sai wani ya yi tsalle ya bi ta. Aka kawo mana kifi da jatan lande da miya mai tsami da yaji, na ci har ina share hawaye ina neman ƙari. Da aka kira azahar muka shiga ɓangaren mata. Na idar na fito, Yaya ta daɗe a ciki, ta fito idonta jawur.

A hanyar komawa na shiga tunani. Na ce a raina na yi wauta. Na ɗauko baiwar Allah da ciwonta na kawo ta wurin da kowa ke tafe da mijinsa riƙe da hannu. Saura yini guda mu koma, ga shi ko haƙorinta ban gani ba.

Ranar ƙarshe direba ya ce akwai wurin da ba a zuwa tsibirin a tafi ba a hau ba. Wani dutse ne mai tsawo, a kansa an gina ƙaton mutum-mutumin Buddha, fari fat, yana zaune, daga ko'ina a kudancin tsibirin kana hango shi. Ya ce daga saman ana ganin teku ta kowane gefe. Motar ta yi ta nishi tana hawa, ni ina ta yi mata addu'a. Da muka isa, Yaya ta ɗaga kai ta kalli abin ta ce, "Ni ba na shiga wurin ibadar mutane. Su yi tasu, in yi tawa. Ki je ki kalli tekunki ki dawo." Ta samu wani benci a inuwa kusa da mashiga ta zauna. Na ce bari in huta tukuna, na zauna kusa da ita.

A gaban bencin akwai tebur da tulin zannuwa a kai, da wata 'yar tsohuwa 'yar ƙasar tana tsaye. Duk matar da ta zo da gajeren wando ko cinya a waje, sai tsohuwar ta tare ta, ta miƙa mata zane ta nuna mata ta rufe jikinta kafin ta wuce. Yaya ta ɗan kalla, sai na ji ta ce, "Ashe su ma ba sa son tsiraici a wurin ibadarsu. Madalla." Na yi kamar ban ji ba, amma na kasa kunne, don rabon da in ji ta tanka a kan abin da ke gabanta an daɗe.

Sai ga wata Baturiya doguwa. Ta karɓi zane ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta naɗa a ƙugu ta ƙulle bakin biyu a kan cibiya kamar mai ɗaure buhun gero. Ta yi taku biyu ya zame. Yaya ta yi tsaki. Wata ta zo ta soke nata a cikin wando, rabi a sama rabi yana shara. Yaya ta gyara zama. Ta uku kuwa ta yi ƙoƙari, ta naɗa shi sosai, amma sai ta kai bakin zanen dama ta soke.

To a gidanmu bahagon ɗauri babban laifi ne. Bakin zane hagu yake zuwa. Yarinya ta fito tsakar gida da shi a dama, kafin ta kai ƙofa Hajiya ta dawo da ita, don in ta fita haka za a ce ba uwa a gidan. Yaya ce ta koya min nawa, da ranƙwashi. Na saci kallonta, na ga leɓenta na motsi, carbin ya tsaya cak a hannunta.

"A'a," in ji ta. "Wallahi ba a gabana ba."

Kafin in ce wani abu ta miƙe, ta jefa min carbi da jaka, ta tare Baturiyar nan. Da Hausa fa! "Ke, zo nan. Ɗaga hannunki. Ɗaga mana!" Baiwar Allah ta ga mace cikin babban hijabi ta tsaya mata ba wasa a fuska, sai ta ɗaga hannu sama kamar an zo bincike. Yaya ta warware zanen ta karkaɗe shi, ta sa ƙafa ta ɗan buɗa ƙafafun matar. "Buɗe, in ba haka ba ba za ki iya tafiya ba." Ta kawo na hagu ya kwanta, ta ja na dama ya hau kansa, ta soke a kwiɓin hagu, ta daidaita bakin ƙasa ya sauka daidai idon sawu, ta ɗan buga mata ƙugu. "Je ki."

Matar ta yi taku, zane bai motsa ba. Ta juya, bai motsa ba. Ta yi tsalle, yana nan daram. Ta saki wata ƙara ta kira ƙawayenta, su ma suka kwance nasu suka miƙo wa Yaya.

Jama'a, kafin ka ce me, layi ya kafu. Wata babbar mota ta sauke mutane, suka ga layi, suka ɗauka doka ce, suka bi. Duk sun zaci Yaya ma'aikaciyar wurin ce, mai yiwuwa ma shugabar. 'Yar tsohuwar mai tebur ta tsaya tana kallo baki buɗe, can ta ga aiki na tafiya, sai kawai ta koma miƙa wa Yaya zannuwa ɗaya bayan ɗaya, ita ta miƙa, Yaya ta ɗaura. Ni kuma aka mai da ni mai tsaron layi. Ina ta cewa, "Ɗaya-ɗaya, kada a ture juna!" ina dariya har cikina na ciwo. Bakin Yaya kuwa ya buɗe kamar an cire toshiya. "Ke wannan ba ƙugu, a ina zanen zai zauna? Ba a ba ku tuwo ne?" "Ke kuma tsaya da kyau, ba rawa na ce ki yi ba." "Auta, dubi wannan, da ta samu atamfa da ta fito." Wata 'yar China ta ce mata "xiexie", wato na gode, Yaya ta mayar mata da amsa da Sinancin kasuwa, matar ta kusa faɗuwa don mamaki.

Tana cikin ɗauri sai na ga ta murza bakin wani zane tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ga rana. Ta juya ga tsohuwar ta ce, "Baba, wannan yadin naku leda ne. Santsi gare shi, shi ya sa ba ya zama a jikinsu. Wa ya sayo muku?" Ta ce da ni, "Auta, gaya mata akwai mai kama jiki, mai auduga, ba ya zamewa." Na haɗa ɗan Turancina na faɗa, tsohuwar ba ta ji ko ɗaya ba, ta haɗa tafin hannu ta sunkuya, Yaya ma ta haɗa nata ta sunkuya, suka ci gaba da aiki.

Sai ga wani ƙaton Bature mai tumbi, da ɗan wandon da ko ɗan firamare ba zai sa ba. Tsohuwar ta miƙa masa zane. Ya zo gaban Yaya ya ɗaga hannuwa sama yana jira, yadda ya ga mata na yi. Yaya ta ja da baya ta ce, "Kai! Rufa min asiri. Ni ba na ɗaura wa ƙato zane." Ta yafito matarsa, wadda ta gama ɗaura wa yanzu, ta nuna mata ta yi masa. Matar ta kama, Yaya na gefe tana ba da umarni kamar mai koyar da tuƙi. "Hagu! Hagu na ce! Wayyo, ta sake kai shi dama." Zanen bai ma zagaye tumbin ba. Da ƙyar suka soke ɗan bakin, mutumin ya ja ciki ya riƙe numfashi, ya juya ya yi wa Yaya jinjina, ya fara taku cikin isa. Numfashin ya ƙare, ya saki ciki, zane ya kwance ya faɗi a ƙafarsa. Ya tsaya yana kallonsa.

Yaya ta fashe. Ba murmushi ba, dariya ta gaske, irin wadda take yi har ta dafa mutum. Ta riƙe kafaɗata ta sunkuya, hawaye na zuba, haƙorin Makkanta yana walƙiya a rana. Rabona da ganin haƙorin nan tun kafin rasuwar. Baturen ma ya kama dariya, matarsa ta zauna a ƙasa, tsohuwar ta rufe fuska da zane tana girgiza. Ni kuwa dariya nake ina kuka, ba wanda ya gane bambancin.

Har muka bar dutsen nan ba mu wuce mashiga ba. Tekun da aka ce ana gani ta kowane gefe, ta tsakanin bishiyoyi na ɗan leƙa shi muna saukowa. Direba ya tambaya da hannu ko wurin ya yi kyau, na ce masa ban taɓa zuwa wuri mai kyau irinsa ba.

Da yamma ya kai mu ƙarshen tsibirin ta kudu, wani tudu da ya miƙe cikin teku, da dogayen bishiyoyi masu kama da giginya. Nan ake taruwa kallon faɗuwar rana. Mutane maƙil, kowa da waya a sama. Muka samu gefe muka zauna a kan ciyawa. Rana ta yi ja, ta sauko a hankali ta taɓa ruwa, ruwan ya koma kamar an zuba manja. Da ta nutse sai wasu suka kama tafi. Yaya ta ce, "Rana ake yi wa tafi? Ikon Allah." Na yi dariya, na juya, sai na ga fuskarta ta canja.

"Auta," ta ce, "na manta da shi."

Na ce, "Da wa?"

"Da Alhaji. Tun hantsi har muka sauko daga dutsen nan ban tuna shi ba ko sau ɗaya. Yana kwance a ƙasa, ni ina can ina ɓaɓɓaka dariya da Turawa." Ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa.

Ni ban iya lallashi mai taushi ba, Allah bai ba ni ba. Na ce, "Haba Yaya! Yanzu don Allah da Alhaji na nan, ina kike zaton za a same shi? Wallahi yana bayanki da tulin zannuwa a kafaɗa yana miƙo miki, yana ba Turawa haƙuri a madadinki. Mutumin da ya yi shekaru yana bin ki kasuwa don kawai ya ji kina faɗa da mutane, shi ne zai ji haushin kin yi dariya?" Ta yi wani sauti, rabi kuka rabi dariya, ta kai min duka a cinya. Muka zauna haka har aka fara watsewa.

Da muka tashi za mu nemi masallaci, ta riƙe hannuna ta ce, "Amma kada ki ɗauka na canja magana. Na ce na bar China, na bar ta." Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Baki ya yi min ƙaiƙayi, amma na danne, na ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Muka dawo Guangzhou muka tarar takalma sun fito. Aka shiga hidimar sito da lodi. Yaya ta ɗan sake, tana cin abinci, tana ba mutumin Kumasi labarin Bature mai tumbi har da kwaikwayo, amma maganar barin China ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban taɓo ba. Ana gobe za mu tashi ta ce saura kanti ɗaya da ba ta yi wa sallama ba, in raka ta. A Shahe ne, can ciki, wurin wata mata mai sayar da dogayen riguna, wadda ita ce farkon wadda Yaya ta fara ciniki da ita a ƙasar. Tun da muka zo take kauce wa layin, sai a ranar na gane.

Matar na hango mu ta daka tsalle daga kan dilar da take zaune, tana ihu da yarensu, ta riƙe hannun Yaya biyu tana jijjigawa. Sai ta miƙa wuya tana leƙen bayanmu. Ta kalli hagu, ta kalli dama, ta dawo da ido kan Yaya tana murmushi ta ce, "Laoban?" Haka suke kiran maigida.

 Duk Sinancin da Yaya ta iya na ciniki ne. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna sama, ta kwantar da kumatunta a kan tafin hannu ta rufe ido.

Murmushin matar ya ɗauke. Ta tsallake dilolin da ke tsakaninsu ta rungume Yaya, kanta bai ma kai kafaɗar Yaya ba, ta saki kuka mai sauti a tsakiyar kasuwa. Yaya ma ta saki nata. Masu tura kaya suka riƙa ratse su suna wucewa. Na tsaya riƙe da jakunkuna ina share fuska da bakin hijabi, ina jiran a nuna ni a ce ƙanwata ce, ita za ki riƙa gani.

Da suka lafa matar ta zaunar da Yaya ta ba ta ruwan zafi a kofi. Yaya ta kurɓa, tana jan hanci, idonta ya sauka a kan wata riga ruwan toka da ke rataye kusa da kanta. Ta kai hannu ta juya hannun rigar ta duba. Ta ce, "Auta, gaya mata hannun nan ya yi ƙunci, matan Kano ba za su iya naɗe shi su yi alwala ba. Ta sa a buɗa shi, a kuma ƙara tsawo. Ta ajiye min ruwan tokar da baƙi, in na dawo bayan Sallah zan gani."

Na ce, "In kin me?"

Ta ce, "Kurma ce ke? Gaya mata mana."

Ban gaya mata ba. Na ajiye jakunkuna a ƙasa, na kama hanci, na rangaɗa guɗa a tsakiyar Shahe, har mai gadin layin ya taho da gudu ya ga abin da ya faru.